TSARABAR TARO

(Jawabin da aka yi a madadin malaman makarantar garinmu, gaban dattawa da ƴan ƙungiya, a zaman bayan Sallah)

 

Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah gafarta malam. Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke zaune can bayan darni, yayyenmu da ƙannenmu da suka zo daga Kano, da Ikko, da Agadas, da Yamai, da waɗanda ba su samu zuwa ba amma takardar nan za ta iske su inda suke, muna gaishe ku baki ɗaya, muna yi muku barka da Sallah.

Mu dai yara ne a gabanku, ko da yake yara na ce mana mushe. Shugaban ƙungiya ne ya ce mu tashi mu yi magana, saboda wata tambaya da ta daɗe tana yawo a garin nan. Ana yin ta a gindin bishiya, ana yin ta a bakin kasuwa, amma ba a taɓa kawo ta cikin zama ba. Tambayar ita ce: waɗannan tarurruka da ake ta kiran mutanenmu, yau Magarya, gobe Dungas, jibi Damagaram, wani lokaci har Yamai, me gari ke samu a cikinsu? Tambaya ce mai kyau, wanda ya yi ta bai yi laifi ba.

Kowa ya san matafiyi ba ya shigowa gida hannu rabbana. Ku ƴan cin rani kun fi mu sanin haka, domin ko shekara ta yi tsanani mutum yakan ƙulla ɗan sabulu da goro don kada ya shiga gida da kunya. To wanda aka aika taro shi ma matafiyi ne, har nauyinsa ya fi na ɗan cin rani. Ɗan cin rani ya tafi neman na kansa, shi kuwa wannan da sunan gari aka rubuta shi a takarda, kujerar da ya zauna ta gari ce. Tsarabarsa ita ce abin da ya jiyo. A takardun taro akwai wata kalma ta Faransanci da suke sawa a layin ƙarshe, «restitution», watau bayanin da wakili zai yi in ya koma gida. Asalin ma'anar kalmar kuwa mayar wa mai abu abinsa. Ashe su ma da suka shirya taron sun san ajiya suka ba shi ya kawo muku.

Tarurrukan sun yi yawa, kuma da dalili. A shekarar 2011 aka cire Dungas daga cikin Magarya ta zama gunduma ta kanta, ƙidayar 2012 kuwa ta samu mutum sama da 900,000 a gundumomin nan biyu. Inda jama'a ta taru haka, kowace ma'aikata da kowane furoje na da saƙon da yake so ya isar, ba su kuma iya bin gari gari, daga Sassumburum har Malawa. Sai su kira mutum ɗaya ko biyu daga kowane wuri: malamin makaranta, unguwar zoma, ɗan sa-kai na lafiya, mai kula da famfo, shugaban manoma. A yi kwana uku ko biyar, a ba kowa jaka da hula da kaye da bik, da kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse.

Kuɗin zaman nan, bari mu faɗi gaskiya a kansa, ba haramun ba ne. Wanda ya bar gonarsa ko ajinsa ya yi wajen kilomita 90 daga Magarya zuwa Damagaram, dole ya biya mota, ya ci abinci, ya kwana. Inda abin ke lalacewa shi ne in kuɗin ya zama shi ne taron. Alamar ba ta ɓuya: za ku ga mutum guda shi ne na taron noma, shi ne na lafiya, shi ne na rijiya, jakunkuna sun cika masa ƙusa a ɗaki, takardu kuwa suna cikin akwati gara na karatunsu. In an tambaye shi yaya taro, sai ya ce lafiya lau, an yi shinkafa da kaji. Ba mu ambaci sunan kowa ba, kuma wannan ba ciwon gari ɗaya ba ne.

Domin kada a ce mun zo ɓata taro ne, ga misalin wanda ya iso gida da ƙafarsa, kuma iyayenmu mata shaida ne. A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan masana sun zauna sun duba, ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƙanana na ƙasashen Sahel maganin rigakafin masassarar cizon sauro, wadda muke ce wa palu, a watannin damina. A 2013 aka fara a Nijar, Magarya na cikin wuraren farko, ma'aikatar lafiya tare da likitocin ƙungiyar MSF. Ku duba, shekara ɗaya da ƴan watanni ke nan tsakanin maganar da aka yanke can Turai da ƙwayar da ta shiga bakin yaro a ƙauyukanmu. Me ya sa wannan ta yi sauri? Saboda an kakkarya maganar har ta zama aikin da kowa zai iya riƙewa. Waɗanne yara? Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Yaushe? Sau ɗaya kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Yaya? Kwana uku a jere, ranar farko mai rabon magani ya ba yaro a gaban idonsa, sauran kwana biyu uwa ce ke bayarwa a ɗakinta. Wanda aka kira horo a kan wannan ya dawo ya san abin da zai yi da safe, ya san gidajen da zai shiga, ya san za a zo a ƙirga. Kuma ku lura, cikin kwanaki ukun nan, biyu a gida ake yin su, babu likita, babu mai dubawa. In uwa ba ta gane bayani ba ta bar ƙwayar a bakin taga, aikin ya tafi rabi da rabi. Haka kowane taro yake, mafi yawan aikinsa bayan an watse ne.

Ga kuma misalin wanda ya yi nawa a hanya, shi kuwa a sana'armu yake. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita yadda za a rubuta harsunan yankin nan, da Hausa a ciki. Dattawanmu da suka yi karatun yaƙi da jahilci sun tuna lokacin da ake rubuta «gidaa» da «kasaa» da wasali biyu, to daga can abin ya samo asali. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci. A 1980 aka sake zama a Yamai aka daidaita rubutunmu da na Nijeriya. A 1998 dokar ilimi ta ƙasa ta amince da koyarwa cikin harsunan gida tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 kundin da ya fito bayan babban taron ƙasa na Yamai ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Daga 1973 zuwa 2025 shekara 52 ke nan. Yaran da suka shiga waccan makaranta ta Damagaram yau masu jikoki ne, amma makarantun suka yi shekara da shekaru suna amsa sunan gwaji. Dalilai suna da yawa, akwai rashin littattafai, akwai rashin kuɗi, akwai sauyin malamai daga wuri zuwa wuri. Amma a ganinmu akwai wani da ba a cika faɗi ba: an yi ta zama a manyan birane, masana na gamsar da masana, uban yaro kuwa da ke Waca ko Guci ba a cika samun wanda ya zauna kan tabarmarsa ya warware masa maganar ba. Abin da uba bai gane ba kuwa ba zai tsaya masa ba.

To yaya za a yi? Ga abin da muka shawarta tsakaninmu malamai, muna kawo shi gabanku ku gyara.

Wanda ya dawo daga taro ya yi bayani kafin mako ya zagayo. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Mu da ke koyarwa mun san yadda kai ke zubar da abu: darasin da yaro bai maimaita ba cikin kwana biyu uku, sai ka ce ba a yi ba, kuma kan babba bai fi na yaro riƙo ba, ya dai fi shi iya ɓoye mantuwa. Bayanin kuma a yi shi a fili, ƙofar maigari ko harabar makaranta, a lokacin da mata za su samu zuwa. In an sa shi da safe suna wajen daka da ɗiban ruwa, an hana su ke nan ba tare da an ce kada su zo ba, alhali yawancin abin da ake aikowa, na lafiya ne ko na karatun yara, a hannunsu zai ƙare.

Sa'an nan a yi shi da Hausar gida. Wannan ya fi kowane wuya, mun kuma san abin da muke faɗi, domin mu da Faransanci aka koya mana aikin malanta tun daga farko har muka karɓi takardar shaida. A zauren taro mutum na iya kwana biyar yana gyaɗa kai ga manyan kalmomi, yana jin kamar ya fahimta. Sai ranar da ya tsaya gaban mahaifiyarsa zai faɗa mata, nan zai gane ko ya ɗauko hatsi ko ƙaiƙayi. In wakili ya tashi yana ta jefo muku Faransanci, Baba, ku tsayar da shi cikin mutunci ku ce: ɗana, da Hausa me ke nan? In ya iya mayarwa, kun ƙaru, shi ma ya ƙaru. In ya kasa, ya koma ga takardunsa ya sake shiri, ba abin kunya ba ne. Saboda haka muke ganin tun a masauki, kowane dare, wanda aka aika ya rubuta layi uku ko huɗu da Hausa, ko da boko ko da ajami, na abin da ya ji ran nan. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a waya.

Abin da muka fi so mu jaddada shi ne wannan: kada a nemi aikata duk abin da aka jiyo. Takardar ƙarshen taro takan zo da shawarwari ashirin ko talatin, an rubuta su domin ƙasa duka, wasu sai mai mota da lantarki zai iya su. Wakili ya kawo su duka a ji, amma zama ya zaɓi guda ɗaya tak, wanda za a iya da abin da ke hannunmu, a ce wane ne zai yi, yaushe zai fara, ranar kaza kuma za a dawo a tambaye shi. Sakataren ƙungiya ya rubuta. Shawara in ba ta da suna ba ta da rana, ta zama ta kowa, abin kowa kuwa kun san yadda yake ƙarewa.

Ba sabuwar hanya muka ƙirƙiro ba. Kwamitin makaranta da kuke ce wa COGES da haka ya kafu. Aikin da hukumar taimako ta ƙasar Japan ta fara a jihar Tawa a 2004, wanda daga baya ya game ƙasa, ya tsaya a kan abu uku: jama'a su zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, su tsara aikin shekara da kansu, su dawo gaban taron gari su ba da lissafi. In an yi babban zama a jiha, wakilai su ɗauki alkawari, su sauko da shi kwamin, daga kwamin zuwa gari. Magudanar tana nan an haƙa, ruwa ne ba kullum ake sakowa ba. Mu malamai ma muna da tamu, zaman CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa don ƙara wa juna sani. Wanda ya je Damagaram a cikinmu, wajibinsa ne ya yi darasin a gaban sauran da yara na gaske, a gani, a yi masa gyara.

Gani ya kori ji, wannan kuwa gonakinku sun isa hujja. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna a Magarya da Matamai da Mirya manoma sun raya itatuwa, galibi gawo, a fili mai faɗin wajen hekta miliyan 1, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa ana yi masa sassabe. Har baƙi na zuwa daga ƙasashen waje kallo. Maƙwabci ne ya ga hatsin da ke gindin gawon maƙwabcinsa ya fi nasa, shi ma ya bar nasa tsiron. Saboda haka wanda ya jiyo sabuwar dabara ya fara gwada ta a gonarsa ko ajinsa, inda kowa zai wuce ya leƙa.

Takardu kuma, don Allah, na gari ne. Muna roƙon ƙungiya ta sayi akwatin ƙarfe guda mai makulli a ajiye a ofishin darektan makaranta, duk wanda ya dawo daga taro ya sa takardunsa ciki, a rubuta sunan taron da shekara a bayan kowace. Jaka da hula ya riƙe abinsa, mun yafe. Dalili shi ne ma'aikaci baƙo ne, yau yana nan, gobe an ɗauke shi zuwa Bande ko Dogo-Dogo, in takardun na cikin kayansa sun tafi ke nan, wanda ya gaje shi ya fara daga fari. Haka lambobin waya da aka karɓo. Ba don gaisuwar Juma'a kaɗai ake karɓarsu ba. Cikin wata guda wakili ya kira wanda ya koyar da su ya ce: mun gwada kaza, ga inda ya tsaya, yaya za mu yi? Masu shirya taro sun saba da shiru bayan an watse, garin da ya kira su da tambaya ta aiki shi suke tunawa.

Ku kuma yayyenmu da ke waje, kuɗinku ne ke cika asusun ƙungiya, wani lokaci da shi ake biya wa wakili mota. Kuna da haƙƙin ku ji. Muna so bayan kowane bayani a yi saƙon murya na minti biyar a sa a WhatsApp na ƙungiya, a kuma buga taƙaitawa a wannan takarda tamu. In kun kira gida, bayan an gama tambayar damina da lafiyar yara, ku ƙara da cewa: abin nan da aka zaɓa, an fara? Tambayarku daga nesa tana da nauyi, domin mai karɓar aike ba ya son a ji bai cika alkawari ba. Kuma ku ma kuna zuwa naku tarurrukan, na direbobi, na ƴan kasuwa, na masu gyaran waya. Abin da kuka ga zai amfani gida ku aiko, ƙa'idar ɗaya ce.

Yanzu kada mu yi wa'azi mu tashi ba mu sauke namu kayan ba. Biyu daga cikinmu sun dawo daga taron malamai a kan koyar da karatu a ƙananan azuzuwa. An yi magana da yawa, amma damuwar guda ce. Gwajin PASEC da ake yi wa ƴan makarantar ƙasashe masu amfani da Faransanci ya nuna a 2014 yaran Nijar da ke gama firamare, waɗanda suka kai matsayin da ake so a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba. A 2019 sun kai wajen 30 cikin 100. An matsa, amma har a lokacin yara 7 cikin 10 na fita ba su iya karanta takarda su gane ta sosai. Abu guda da muka zaɓa shi ne wannan: a aji na fari da na biyu, CI da CP, kowace safiya za a ɗauki minti 15 ana haɗa baƙi da wasali da kalmomin da yaro ya sani tun a goye, ba, bi, bu, baba, babu, tuwo, gero, har ya gane cewa abin da ke kan allo maganar bakinsa ce aka zana.

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce, sun ma faɗa mana: mun kawo yaro lakol ya koyi Faransanci ya samu aiki, Hausa ai da ita ya zo. Gaskiya ne da ita ya zo, shi ya sa za mu hau kanta. Yaro ɗan shekara 7 in an ba shi harafin da bai sani ba cikin harshen da bai sani ba, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, sai ya koma haddar ƙara kamar aku. In ya fara gane yadda haruffa ke haɗuwa cikin harshensa, wannan sanin ba ya sake koyonsa, da shi zai shiga Faransanci, domin yawancin haruffan iri ɗaya ne. Ba a rage masa Faransanci ko kaɗan ba, jarrabawa na nan tana jiransa. Amma ba mu ce ku yarda don mun faɗa ba. Ranar da za a fara, muna so dattawa biyu da uwaye biyu daga ƙungiyar iyaye mata su zo su zauna a aji. Za a kira yara ɗaya ɗaya a ba kowa kalma goma, a rubuta nawa ya karanta, takardar ta kwana a hannun maigari. Bayan wata uku su dawo a sake, da wasu kalmomi goma, a kawo lissafin biyu gaban zama irin wannan. In ba a ga bambanci ba, ku ce mu sake dabara.

Abin da muke nema wurin ƙungiya kaɗan ne: akwatin nan da muka ambata, da alli kwali biyu, da kuɗin buga takardun haruffa da kowane yaro zai tafi da ita gida ya karanta wa uwarsa da dare. Ma'aji ya riga ya karɓi lissafi, zai karanta muku bayan mun zauna. Waɗanda za su zo aji kuwa, muna roƙon maigari da shugabar mata su ba mu sunayensu kafin Juma'a, domin ranar Litinin ta sama muke so a fara, da ƙarfe 8 na safe.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda harshe ya yi tsauri iyayenmu su yi mana afuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya masaukinsu lafiya.